Darasi: Yadda Ake Gwajin Tsutsar Ciki a Kashin Kare da Kyanwa, da Inda Wayarka Za Ta Yi Amfani

Darasinmu na yau ya samo asali ne daga saƙon da wani matashi mai bibiyarmu ya turo daga Mawashi, ta ƙaramar hukumar Kusada a jihar Katsina. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, barka da aiki. Karyar farautar yayana ce ta haifi 'yan kwikwiyo biyar, biyu sun mutu cikin mako guda. Sauran ukun cikinsu ya kumbura kamar tulu, ga rama. Mun sayi maganin tsutsa a kasuwa mun ba su, ba mu ga canji ba. Na sauke wata manhaja da aka ce tana mai da waya madubin likita, na ɗauki hoton kashin, ban ga komai ba. Shin waya za ta iya nuna mana tsutsar? Abin da ya fi damuna shi ne a wajen ƙannena suke wasan ƙasa."

Amsar a gajarce: waya ita kaɗai ba za ta iya ba, kuma manhajar da ka sauke ba abin da take yi sai zuƙo hoto. Amma idan aka haɗa waya da madubin likita, tana yin aikin da zai ba ka mamaki. Kafin mu shiga darasin, ɗan'uwa, ka ɗaga leɓen kowane kwikwiyo ka haska dasashinsa da tocilan wayarka. Idan ka ga ya yi fari fat maimakon ja-ja, jini ne ya ƙare masa. A kai shi wurin likitan dabbobi yau, ba sai an jira gwaji ba.

Me ake nema a cikin kashin?

Tsutsar tana zaune a hanji, ba kasafai take fitowa ba. Abin da ke fitowa kullum shi ne ƙwanta, kuma kowace irin tsutsa da siffar ƙwanta. Da wannan siffa ake gane ta. Ana auna ƙwan da maikiron, wato milimita ɗaya a kasa ta gida 1,000. Ga waɗanda aka fi haɗuwa da su:

1. *Macijin ciki.* Na kare sunansa Toxocara canis, na kyanwa Toxocara cati. Ƙwansa kewayayye ne mai kaurin ɓawo, faɗinsa maikiron 65 zuwa 90. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Kwikwiyo na kamuwa da shi tun yana cikin uwarsa, shi ya sa za ka ga ɗan mako uku da kumburarren ciki. Ƙwan na buƙatar mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya nuna, daga nan yana iya yin shekaru da ransa. Yaron da ya haɗiye shi a wajen wasan ƙasa, tsutsar na iya yawo a jikinsa ta taɓa hanta, wani lokaci ta shiga ido ta lalata gani.

2. *Tsutsa mai ƙugiya,* Ancylostoma. Tana maƙale a bangon hanji tana shan jini. Kwikwiyo na samun ta a nonon uwa, ita ce kuma ta fi saurin kashe shi. Alamarta farin dasashi da baƙin kashi kamar kwalta. Ƙwanta mai siffar ƙwan kaza ne, ɓawonsa siriri. 'Ya'yanta na son rairayi mai danshi, don haka damina ce kakarsu. Suna huda fatar wanda ke yawo ba takalmi, su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi.

3. *Tsutsa mai bulala,* Trichuris vulpis. Ƙwanta kamar lemon tsami yake, da murfi a kowane baki. Tana sa babban kare zawo mai majina da jini.

4. *Tsilar ƙuma,* Dipylidium caninum. Kare ko kyanwa na samun ta idan suka haɗiye ƙuma wajen lasar jiki. Gaɓoɓinta na fitowa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kan kashi ko ƙarƙashin wutsiya.

5. *Tsilar kayan ciki,* Taenia da Echinococcus granulosus. Kare na kamuwa idan ya ci ɗanyen huhu, hanta ko kan dabbar da ke da ƙullutun ruwa, irin wanda ake jefa wa karnuka a mahauta ko ranar Babbar Sallah. Echinococcus ƙarama ce, ba ta wuce milimita 6 ba, kuma karen ba ya nuna ciwo. Amma ƙwanta na haifar wa mutum ƙullutun ruwa a hanta ko huhu, wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Wata 'yar'uwarta, Taenia multiceps, ita ke shiga ƙwaƙwalwar tunkiya ta riƙa juyi a wuri ɗaya.

6. *Ƙananan halittu masu ƙwayar rai ɗaya,* irin su Giardia da Toxoplasma. Waɗannan ba tsutsa ba ne, girmansu kimanin maikiron 8 zuwa 12 ne. Giardia na sa zawo. Toxoplasma kuwa a kashin kyanwa take fita, kuma hatsarinta ya fi yawa ga ɗan da ke cikin mai juna biyu.

Ke nan, mai karatu, wannan gwaji ba don kare da kyanwa kaɗai ake yin sa ba. Lafiyar yaran gida da ta tumakin da ke turke tana ciki.

Me ya sa kyamarar waya ba ta gani?

Dalilai uku ne. Na farko, idon mutum da ƙyar yake rarrabe abin da bai kai maikiron 100 ba, kuma an ƙera kyamarar waya ne don ta ɗauki irin abin da ido ke gani. Idan ka matso da ita kusa da abu sosai sai hoton ya dushe.

Na biyu, yawan megafiksel ba shi ne ƙarfin gani ba. Ko wayarka Tecno ce, ko Infinix, ko Redmi mai megafiksel 50 ko 108, idan gilashin kyamarar bai kawo bayanin ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi. Zuƙowar da kake yi da yatsu biyu buɗa ɗigon hoton kawai take yi, kamar ka ja roba mai rubutu: rubutun zai yi girma, amma ba zai ƙaru ba. Manhajojin da ke Play Store masu cewa suna mai da waya madubin likita wannan zuƙowar suke yi, su kunna tocila, su cika ka da talla.

Na uku, ƙwan a cakuɗe yake da dusa, gashi da ƙasa. Sai an raba shi da su, an shimfiɗa shi a kan gilashi, haske ya ratso ta ƙasa, sannan a gan shi. Wannan rabuwar ita ce rabin aikin gwajin.

Abu ɗaya waya ke iya ɗauka kai tsaye: abin da ido ke gani. Idan ka ga gaɓar tsila kamar shinkafa, ko doguwar tsutsa kamar taliya a cikin amai, ka ajiye tsinken ashana kusa da ita don a gane girmanta, ka ɗauki hoto da ɗan gajeren bidiyo. Wannan shaida ce mai ƙarfi a wurin likita.

Mataki na farko: ɗibar kashin

Nan ne aikinka yake, kuma idan aka ɓata nan, duk tsadar na'ura ba za ta gyara ba.

1. Ka ɗaure dabbar ko ka sa mata ido, don ka tabbata kashin nata ne. A gari irin Mawashi, inda karnuka ke zagayawa gida-gida, kashin da ka tsinta a lungu ba shaida ba ne.
2. Ka sa safar hannu, in babu ka zura hannunka cikin leda biyu.
3. Ka ɗiba yana sabo, daga sama, inda bai taɓa ƙasa ba. Kamar cikin cokalin shayi ɗaya ya isa, wato giram 3 zuwa 5. Ka yi amfani da tsinke mai faɗi wanda za ka ƙone.
4. Ka zuba a roba mai murfi mai tsabta, ka rubuta sunan dabbar, shekarunta, rana da lokaci. Kowace dabba da robarta.
5. Ka kai cikin sa'o'i kaɗan, kada ya wuce awa 24. A zafinmu, ƙwan tsutsa mai ƙugiya na iya ƙyanƙyashewa cikin kwana guda, a duba a rasa shi. Idan tafiyar da nisa, ka sa robar cikin leda, ka ɗora a kan ƙanƙara a wani mazubi dabam. Kada ka sa a firjin abinci ko kular ruwan sha, kada kuma ka bari ya daskare.
6. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa wayarka. Wayar da za ka kara a kunne, ka riƙe wajen cin abinci, ba ta da wuri a hannun da ya taɓa kashi.

Mataki na biyu: abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

*Shafawa kai tsaye.* A lakato kashi kamar kan ashana, a dama da ɗigon ruwan gishiri na asibiti a kan gilashi, a duba. Tana da sauri, kuma a sabon zawo tana nuna Giardia tana iyo. Sai dai abin da aka duba ya yi kaɗan, don haka ta fi kowace hanya kuskure.

*Taso da ƙwai.* Wannan ita ce hanyar da aka fi amfani da ita a duniya. Ka gwada wannan a gida: ka sa sabon ƙwan kaza a kofin ruwa, zai nutse. Ka yi ta zuba gishiri kana damawa, za ka ga ya taso. Ruwan ne ya fi ƙwan nauyi. Idan aka ɗauki nauyin ruwa zalla a matsayin 1.00, ƙwan tsutsa mai ƙugiya yana wajen 1.06, na macijin ciki 1.09, na mai bulala 1.15, na Taenia kuwa 1.23. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri, kimanin giram 360 a lita ɗaya, yana kai wa 1.20. Ruwan sukari mai kauri, giram 454 a mililita 355 na ruwa, yana kai wa 1.27. Ka lura da lissafin: ruwan gishiri zai taso da ukun farko, amma ƙwan Taenia ya fi shi nauyi, zai iya zama a ƙasa. Shi ya sa ake fifita ruwan sukari idan ana zargin tsila. Ga Giardia kuma ana amfani da ruwan sinadarin zinki mai nauyin 1.18, domin bai cika motsa siffarta ba.

Ga yadda ma'aikaci ke yi: ya dama kashin da ruwan, ya tace da yadin bandeji, ya cika siririyar kwalbar gwaji har ruwan ya yi tozo a baki, ya ɗora ɗan siririn gilashi a kai, ya jira minti 10 zuwa 15. Ƙwan zai taso ya manne a gilashin. Sai ya ɗaga shi a miƙe, ya ɗora a kan gilashin gwaji, ya duba nan take kafin gishirin ya bushe ya rufe komai. Wani likita mai suna Willis ne ya bayyana wannan dabara ta gishiri a 1921, Sheather kuma ya kawo ta sukari a 1923. Sama da shekara 100 ke nan ana cin moriyarsu.

Idan akwai injin da ke juya kwalba da gudu, ana sa ta a ciki na minti 5. Binciken da Michael Dryden da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ya nuna juyawar na fito da ƙwai fiye da barin kwalba a tsaye.

*Ƙirga.* Wani lokaci ba "akwai ko babu" ake nema ba, "nawa ne" ake nema. Nan ake amfani da gilashin McMaster, wanda aka ƙirƙiro a Sidni ta Ostireliya a 1939. Ana dama giram 2 na kashi da mililita 28 na ruwan, a cika ɗakuna biyu na gilashin, a ƙirga ƙwan da ke cikin layukan, a ninka sau 50. In an ƙirga 40, to akwai ƙwai 2,000 a kowane giram. Akwai sabon samfuri mai suna Mini-FLOTAC daga Jami'ar Naples ta Italiya, wanda ba ya buƙatar lantarki wajen haɗawa, kuma yana kama ko da ƙwai 5 ne a giram.

Gargaɗi: mun yi wannan bayani ne don ka fahimta, ba don ka yi a tsakar gida da kofin shayi ba. Ƙwan Echinococcus na kama mutum tun ranar da ya fito. Damawa da tacewa aikin ɗakin gwaji ne.

Mataki na uku: haɗa waya da madubi

Yanzu ga inda wayarka ke shigowa. Madubin likita na da gilashi biyu: na ido mai ninki 10, da na ƙasa mai ninki 10 ko 40. In ka haɗa, ninki 100 ko 400 ke nan. Kyamarar waya na iya leƙawa ta gilashin ido kamar yadda idonka ke yi.

1. Ma'aikaci ya fara saita madubin da idonsa har ƙwan ya fito sarai.
2. Ka goge kyamara, ka kashe filasha da duk wani abin gyaran fuska ko ƙarin kala.
3. Ka kawo babbar kyamarar baya saitin gilashin ido, da ɗan rata kamar kaurin yatsa. Za ka ga ɗigon haske, ka matsa a hankali har ya buɗe ya zama da'ira. Idan wayarka mai kyamara uku ce, ka toshe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa don ka gane wadda ke aiki.
4. Ka danna kan ƙwan a fuskar waya ka riƙe, don saitin ya tsaya, sannan ka ɗan rage haske.
5. Ka sa agogon ɗauka na daƙiƙa 3 don hannu kada ya girgiza hoton. Akwai maƙalin roba da ake sayarwa wanda ke riƙe waya a bakin madubi, yana sauƙaƙa aikin ƙwarai.
6. Ka ɗauki hoto ɗaya a ninki 100, ɗaya a ninki 400, ka rubuta ninkin a jikin kowanne. Ba tare da sanin ninki ba, likita ba zai iya ƙiyasta girma ba, kuma girma na cikin abin da ake gane ƙwai da shi.
7. Wajen turawa ta WhatsApp, ka zaɓi Document maimakon Gallery. Idan ka tura ta hanyar da aka saba, manhajar na matse hoton, ƙananan alamun ɓawon ƙwai su ɓace.

Amfanin wannan a fili yake. Ɗalibin gwaje-gwaje a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ya saba da ƙwan tsutsar mutum, kuma na dabba dangi ne, sun yi kama. Abin da zai rasa shi ne tabbacin likitan dabbobi. Da hoto mai kyau, likitan da ke Katsina, Kano ko Zariya zai iya dubawa ya ba da ra'ayi cikin mintuna. Sai dai ɗakin gwajin asibitin mutane ba wurin kai kashin kare ba ne, kada ka je ka takura wa ma'aikaci.

Waya a matsayin madubi: ina aka kwana?

Masana sun daɗe suna ƙoƙarin cire madubin gaba ɗaya. A 2013, wani likita ɗan Kanada mai suna Isaac Bogoch da abokan aikinsa sun manna ƙwallon gilashi mai faɗin milimita 3 a kyamarar iPhone 4S, suka haska da tocila, suka duba kashin 'yan makaranta a tsibirin Pemba na Tanzaniya. Wayar ta gano kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda madubin gaske ya nuna suna da tsutsa, amma a tsutsa mai ƙugiya kashi 14 kacal ta kama. Ka ga an yi nisa, amma ba a kai ba.

A 2014, Manu Prakash da Jim Cybulski na Jami'ar Stanford suka fito da Foldscope, madubin da ake naɗawa da takarda, kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana ninkawa sau 140, kuma ana manna shi a waya da maganaɗisu. Yana da kyau ga ɗalibi mai son koyo, amma filin da yake nunawa ƙarami ne, duba gilashi guda da shi sai mai haƙuri. A Jami'ar Kentucky kuma an haɗa wata na'ura mai suna Parasight, wadda ke rina ɓawon ƙwai ya riƙa ƙyalli, kwamfuta ta ƙirga. Da kyamarar waya aka fara gwada ta a kashin dawaki.

A 2020, kamfanin Zoetis ya fito da Vetscan Imagyst: na'ura ta ɗauki hoton gilashin gaba ɗaya, ta tura ta intanet, ƙirƙirarriyar basira da aka horar da hotunan ƙwai masu ɗimbin yawa ta ware su cikin mintuna. Tana buƙatar lantarki, intanet mai ƙarfi da kuɗi. Kada ka haɗa ta da tura hoto ga ChatGPT ko Gemini. Waɗannan za su iya yi maka bayani, amma suna iya kiran kumfar iska ƙwai da cikakken ƙarfin gwiwa. Ba a ba dabba magani da maganarsu.

Akwai kuma gwaje-gwajen da ba ƙwai suke nema ba. Gwajin antijen na neman sinadarin da tsutsar ke fitarwa, wani samfurinsa kamar tsinken gwajin maleriya yake, irin SNAP Giardia na kamfanin IDEXX mai ba da amsa cikin minti 8. Sai PCR, wanda muka ji sunansa lokacin korona, mai neman DNA. Shi ke raba gardamar da madubi ya kasa: ƙwan Taenia da na Echinococcus kamar an tsaga kara suke, ba mai iya bambanta su da ido. Saboda haka duk karen da aka ga irin wannan ƙwai a kashinsa, a ɗauke shi a matsayin mai hatsarin.

Yadda za ka fahimci sakamako

"Ba a ga komai ba" ba ya nufin "babu komai". Ga dalilai:

- Tsutsar ba ta isa yin ƙwai ba. Mai ƙugiya na buƙatar mako 2 zuwa 3, kuma tana iya shanye jinin kwikwiyo kafin ƙwan farko ya fito. Mai bulala na ɗaukar kusan wata 3.
- Giardia da mai bulala ba kullum suke zubarwa ba. Ana so a maimaita sau 3 a ranaku dabam-dabam.
- Ƙwan tsilar ƙuma a cikin gaɓa yake fita, bai cika watsuwa a kashi ba. Hoton da ka ɗauka da wayarka ya fi madubi kama ta.
- Kyanwa na zubar da Toxoplasma na mako 1 zuwa 3 ne kawai, don haka gwajin kashi ba zai wanke ta ba. Kariyar ita ce kwashe kashin kullum, domin sai ya kwana 1 zuwa 5 yake zama hatsari, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki.

Haka nan "an gani" na iya zama ruɗi. Karen ƙauye na cin kashin tumaki da na kaji, ƙwan tsutsarsu ya bi ta cikinsa ya fito ba tare da ya kamu ba. Garin furen masara ko na gero da kumfar iska ma na rikita sabon hannu. Ka gaya wa likita in karen na bin garke.

Me ya sa ba za a ba da magani kawai ba?

Saboda babu magani ɗaya mai kashe duka. Pyrantel na kashe macijin ciki da mai ƙugiya, ba ya taɓa tsila. Praziquantel na kashe tsila, ba ya taɓa sauran. Fenbendazole na kaiwa ga mai bulala da Giardia, amma sai an yi kwanaki ana bayarwa. Kowanne kuma da nauyin dabba ake auna shi. Dunƙulen albendazole na shanu da ake gutsura wa kare na iya lalata ɓargon da ke haɗa jini, allurar ivermectin ta shanu in ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta kashe tsila. Parasitamol kuwa guba ne ga kyanwa.

Gwaji ne kuma ke nuna ko maganin ya yi aiki. A ƙirga kafin a bayar, a sake bayan kwana 10 zuwa 14. In daga 2,000 ya sauko 100, ragin kashi 95 cikin 100 ke nan. In bai motsa ba, ko maganin jabu ne, ko awon bai kai ba, ko tsutsar ta daina jin sa. Masana a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun ba da rahoton tsutsa mai ƙugiya da ta bijire wa magunguna iri-iri a 2019, kuma ana kyautata zaton yawan bayarwa barkatai ne ya jawo.

Ina za a kai, kuma sau nawa?

Daga Mawashi, ka fara da ma'aikacin dabbobi na sashen gona a Kusada ko Kankiya. Ka kira kafin ka ɗibi kashin, ka tambaya ko ana duba shi a nan ko sai an tura gaba, don kada ya lalace a hanya. Don bincike mai zurfi akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Majalisar masana ta CAPC a Amurka na ba da shawarar gwaji sau 4 a shekarar farko, sannan aƙalla sau 2 a shekara. Takwararta TroCCAP, mai kula da ƙasashe masu zafi irin namu, ta ce duk wata 3. Kwikwiyo kuwa ba a jiran gwaji: ana fara ba shi magani yana da mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya kai mako 8, tare da uwar. Ka sa waɗannan ranaku a kalandar wayarka ta riƙa tuna maka.

Ga ɗan'uwanmu na Mawashi: a kai kwikwiyon da uwarsu wurin likita, a tafi da kashin kowanne. A riƙa kwashe kashi kullum ana binnewa da zurfi nesa da rijiya. A canza wa yara wurin wasa, su sa takalmi, su wanke hannu kafin cin abinci. A daina jefa wa karnuka ɗanyen huhu da hanta, a dafa ko a binne. Idan wani yaro ya fara kukan ido ɗaya ba ya gani sosai, ko ka ga jan layi mai ƙaiƙayi a ƙafarsa, a kai shi asibiti a faɗa wa likita akwai karnuka a gida. Manhajar nan kuma ka goge ta, ka huta da talla.

Da fatan an amfana. A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙananan maduban da ake maƙalawa a waya da waɗanda ake jonawa ta USB: wanne ya cancanci kuɗinka, wanne ne kuma abin wasan yara. Mu kwana nan.